Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga editoci a kan kalmar "massive" da 'yar rakiyarta "gagarumi"

Zuwa ga shugabannin Ƙungiyar Editoci ta Najeriya, da editocin jaridun Hausa, da shugabannin ɗakunan labarai na gidajen rediyo da talabijin masu watsa shirye-shirye da Hausa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata kalma guda ta Ingilishi, wato massive, da kuma kalmar Hausa da muka ɗaura musu aure ba tare da an nemi yardar kowa ba, wato gagarumi. Na san wani zai ce ƙasa tana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, ga wani ya ɗauko maganar sifa kamar muna ajin nahawu. A yi mini uzuri, ranku ya daɗe. Na shafe shekaru ina fassara labarai daga Ingilishi zuwa Hausa a wani gidan rediyo, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da hannuna na rubuta gagarumi sau ba adadi a wuraren da ba ta cancanta ba, saboda haka duk ƙorafin da ke cikin wannan takarda a kaina ya fara faɗawa.

Wata rana da la'asar, saura kamar minti 20 a karanta labarai, aka miƙo mini wani gajeren rahoto na Ingilishi mai layi biyar, wanda ya ce an yi massive fire a wata kasuwa ta cikin gari. Babu adadin rumfuna a ciki, babu sunan layin da wutar ta kama, wakilinmu ma bai kai ga isa wurin ba. Ban yi wata-wata ba na rubuta cewa gagarumar gobara ta tashi a kasuwar, mai karanta labarai kuma ya ƙara mata nauyi da muryarsa. Washegari bayan sallar asuba wani dattijo maƙwabcina, wanda ɗansa yake sayar da atamfa a kasuwar, ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce da ya ji labarin yana cikin alwala, bai ƙarasa wanke ƙafa ba ya tsayar da ɗan acaɓa, zuciyarsa tana dukan uku-uku, yana lissafin bashin da ke kan yaron. Da ya isa sai ya tarar rumfuna huɗu ne na masu kayan miya suka ƙone a can ƙarshen kasuwa, har 'yan kwana-kwana sun naɗe tiyonsu. Ya dube ni ya ce, "Malam, ashe ku ma kun fara ƙarin gishiri?" Asarar masu kayan miyan nan asara ce, ba na raina ta. Amma dattijon ya ji gagaruma, ya auna ta da ma'aunin da ya gada, ma'aunin da ke cewa abin ya gagari jama'a, alhali ni na rubuta ta ne kawai saboda ita ce ta saba tsayawa a gurbin massive.

Kalmar Ingilishin ba haka ta taso ba. Asalinta daga massa ta Latin ne, wato curin ƙullu ko dunƙulen abu, ta biyo ta Faransanci ta shiga Ingilishi fiye da shekara 500 da suka wuce. Mai son raha zai tuna da masar Bauchi, wadda ita ma daga ƙullu take fitowa. A zamanin farko ana faɗin massive ne ga abu mai nauyi da kauri wanda cikinsa ba rami, kamar dunƙulen zinariya da ba shafe aka yi mata ba, ko bangon dutse, ko ginshiƙin da mutum goma ba za su motsa ba. Har yau masana kimiyya suna riƙe da wannan ma'ana. Akwai wani nau'in tauraro da faɗinsa kimanin kilomita 20 ne kacal, tafiyar da mai keke zai yi kafin rana ta yi zafi, amma ya fi rana nauyi, kuma masanin taurari zai kira shi massive ba tare da ya yi ƙarya ba. Mai fassarar da ya fassara wannan da "ƙaton tauraro" ya ɓatar da mai sauraro, domin nauyi ake nufi, girman jiki bai shigo ciki ba.

Siyasa ce ta fito da kalmar daga cikin duwatsu ta zaunar da ita a shafin farko. A watan Janairu na 1954 sakataren harkokin wajen Amurka, John Foster Dulles, ya yi wani jawabi a birnin New York inda ya yi maganar ƙarfin ramuwa mai girma da ƙasarsa za ta dogara da shi wajen tsorata Tarayyar Sobiyat, aka kuma yi wa manufar laƙabi da massive retaliation. A can kalmar tana ɗauke da kayanta, domin makaman nukiliya ake nufi. Shekara biyu bayan haka, a 1956, Sanata Harry Byrd na jihar Bajiniya ya yi kiran massive resistance don a bijire wa hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1954 da ya haramta raba makarantun baƙaƙe da na farare. Daga abin da ake ɗagawa da hannu, kalmar ta koma kan abin da ba a taɓawa, kamar ramuwa da bijirewa da goyon baya, kuma da zarar sifa ta bar abin da ake iya ɗorawa a kan sikeli, kowa yana iya manna ta inda ya ga dama.

Mu kuwa a Najeriya mun karɓe ta hannu bibbiyu. Ku buɗe kowace jaridar Ingilishi a lokacin yaƙin neman zaɓe, za ku ga taron kowane ɗan takara massive crowd ne, sauya sheƙar kowane tsohon kansila massive defection ce, gyaran kwalbati kuma massive infrastructure ne. Ana yawan kare masu rubuta kanun labarai da cewa wuri ne yake musu kaɗan, shi ya sa suke son gajerun kalmomi masu ƙarfi. Wannan uzuri bai kama nan ba, domin massive harafi bakwai ce, big uku ce, huge huɗu ce, lamba irin 40 kuwa gurbi biyu kawai take ci. Abin da ya sa muke son kalmar, a ganina, shi ne tana rufa wa ɗan jarida asiri a ranar da bai ƙirga ba. Wanda ya je wurin ya ƙirga motoci ko rumfuna ko gawawwaki yana da abin rubutawa. Wanda ya zauna a ofis aka turo masa takardar sanarwa ta waya, shi ne yake bukatar sifar da za ta cike gurbin da adadi ya bari.

Takardun sanarwar nan su ne babbar mashigar ruwan. Jami'in hulɗa da jama'a an ɗauke shi aiki ne don ya kambama maigidansa, ba laifinsa ba ne idan ya yi aikinsa. Na taɓa fassara wata sanarwa daga wata ƙaramar hukuma da ta yi shelar massive empowerment programme, na kuma rubuta gagarumin shirin tallafa wa mata da matasa. Da abokin aikina ya dawo daga wurin bikin, na tambaye shi abin da aka raba, sai ya yi dariya ya ce kekunan ɗinki 30 ne da injinan markaɗe 12, waɗanda suka hau kan mumbari don yin jawabi ma sun kusa kai yawan waɗanda suka amfana. Da mun faɗi kekuna 30 da injina 12, da mai sauraro ya yanke hukuncinsa da kansa, ko ya yaba ko ya taɓe baki. Da muka ce gagarumi, mun ɗauki hukuncin jami'in muka sa masa hular gidan rediyo, muka aika shi cikin gidajen mutane a matsayin labari.

Zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023 ya isa misali. Da safiyar kowace ranar zaɓe akan ji rahotannin massive turnout daga nan da can, mu kuma mu juya su zuwa gagarumar fitowar jama'a. Da aka kammala lissafi, cikin mutum sama da miliyan 93 da hukumar zaɓe ta yi wa rajista, kimanin miliyan 25 ne suka jefa ƙuri'a, wato wajen kashi 27 cikin 100, mafi ƙaranci tun komawa mulkin farar hula a 1999. Dogon layi a rumfar zaɓe da ƙarfe goma na safe yana iya nufin mutane sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, yana kuma iya nufin ma'aikata sun makara ko na'urar tantancewa tana gardama. Wakilin da yake tsaye a rumfa ɗaya a unguwa ɗaya zai iya faɗa mana cewa ya ga mutum kamar 200 a layi kuma ba a fara ba tukuna. Bai isa ya san yadda jiha ta fito ba, balle ƙasa, kuma bai kamata edita ya bar shi ya yi kamar ya sani ba.

Abin ya fi muni idan aka zo kan massive rigging. A jaridar Ingilishi akan sa wa kalmomin alamar zance, don mai karatu ya gane cewa zargin jam'iyyar da ta sha kaye ne. Rediyo ba shi da alamar zance. Idan mai karanta labarai ya ce gagarumin maguɗi, kuma "in ji" ɗin ya zo can ƙarshen doguwar jimla, ko ma ya faɗi a hanya, matashin da ke zaune a teburin mai shayi zai ɗauka gidan rediyon ne ya tabbatar. Mu da muka ga abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011, lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohin arewa, ba mu da hujjar yin sakaci da irin wannan. Ba na cewa sifa ce ta kunna wutar. Ina cewa ne a lokacin da gari yake a ɗaure, mai riƙe da makirufo ya kamata ya fara da sunan mai zargi kafin zargin, ya kuma tambaye shi rumfa nawa, a wace mazaɓa.

Yanzu bari in juyo ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, wato abin da muka yi wa Hausa. Kunnen Bahaushe yana jin gagara a cikin gagarumi, yana jin abin da ya fi ƙarfin a tunkare shi. Kalma ce ta ranar da ba a saba gani ba. Mun mayar da ita kuɗin cefane, har ta kai ga a bulletin ɗaya, afuwan, a zaman labarai ɗaya, za ka ji gagarumin gangami, da gagarumar nasara, da gagarumin ci gaba, da gagarumar gudummawa, da gagarumin garambawul, duk kafin a kai ga labarin wasanni, inda nan ma wata ƙungiya ta yi gagarumin rinjaye da ci biyu da ɗaya. Abin takaicin shi ne Hausa ba ta da talaucin da zai sa ta yi wannan bara. Inda Ingilishin jarida ya tara komai a ƙarƙashin kalma ɗaya, Hausa tana rarrabewa da kyau. Fili makeke ne, saboda faɗi. Gini katafare ne. Sanda ko mota zungureriya ce, saboda tsawo. Sa ƙato ne ko shirgege. Kuɗi maƙudai ne, kaya tari ne ko ɗimbi, jama'a kuwa dandazo ne ko cincirindo, suna tururuwa, wuri ya cika maƙil ba masaka tsinke. Biki ƙasaitacce ne, ɗan fashi gawurtacce ne, haɗari mummuna ne, ciwo mai tsanani ne. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana gaya wa mai sauraro ta wace fuska abin ya yi yawa, ko ta faɗi, ko ta tsawo, ko ta nauyi, ko ta muni. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ba za ta ce makeken ciwo ko zungureren taro ba. Mu da muka yi karatu ne muka iya cewa wani ya rasu sakamakon gagarumin bugun zuciya, saboda takardar da ke gabanmu ta ce massive heart attack, kamar dai bugun zuciyar wani biki ne da aka gayyaci makaɗa.

Ba mu muka fara fassara labaran duniya zuwa Hausa ba. Tun Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, kuma ba a daɗe ba ta shiga kawo wa mutanen da ba su taɓa ganin teku ba labarin yaƙin duniya na biyu. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo a 1962, na Jamus a 1963. Magabatan nan namu sun bar mana al'adar karanta Ingilishi, a ajiye takarda, a tambayi kai yadda za a faɗa wa mutum wannan magana a zaure. Al'adar ce take sulalewa, musamman yanzu da yaro yake iya zuba rahoto cikin manhajar fassara a wayarsa, ya kwafe, ya ɗora a Facebook cikin minti biyu. Manhaja ba ta san ta tsaya ta ce "nawa?" ba, kuma shafukan da ke kwafar labaranku suna kwafa ne har da sifofinku, su ƙara nasu a kai.

Ranar da babban abu ya faru kuwa, sai mu tarar mun cinye guzurinmu tun a gida. A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya shiga Maiduguri cikin dare. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga asibitin koyarwa, ya rushe katangar gidan yari har fursunoni sama da 200 suka tsere, ya mamaye gidan namun daji har aka riƙa gargaɗin mutane game da kadoji da macizai, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Me muka kira wannan? Gagarumar ambaliya, da kalmar da muka yi wa rabon kekunan ɗinki ado da ita. Wata guda bayan haka tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka rasu, muka sake ɗauko ta. Ku lura kuma da cewa a jimlolin da na jero game da Maiduguri ban bukaci sifar ba ko sau ɗaya. Kadoji a titi da ruwa a fadar Shehu sun isa. Haka fashewar tashar jiragen ruwa ta Beirut a ranar 4 ga Agustan 2020, idan aka ce tan 2,750 na sinadarin da ake takin zamani da shi ne ya tashi a tsakiyar birni, ko girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta ranar 6 ga Fabrairun 2023, idan aka ce ta kashe mutum sama da 50,000, babu mai sauraron da zai jira a gaya masa cewa abin babba ne.

Na san amsar da wasunku za su bayar, domin ni ma na sha bayar da ita. Za a ce lokaci ba ya jira, wakilai kaɗan ne, kuɗin mota babu, hukumomi kuma ba sa fitar da alƙaluma da wuri, in ma sun fitar ba kullum ake yarda da su ba. Duk gaskiya ne. Za a kuma ce kanun labari mai sanyi ba ya jan mai karatu a intanet, wanda yake wucewa da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ko da yake ina shakkar kalmar da ake gani sau goma a yini tana sa wani ya tsaya. Amma rashin adadi ba ya halatta ƙirƙirar girma. Hausa tana da hanyar faɗin gaskiya a irin wannan hali, kuma gajeriya ce: gobara ta tashi a kasuwa kaza, a layin masu kaza, ba a kai ga tantance yawan rumfunan da suka ƙone ba. Da na rubuta haka a ranar nan, da maƙwabcina ya ƙarasa alwalarsa.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba, kuma ba ya cin kasafi. Ku editocin jaridun Ingilishi, tun da daga teburinku ruwan yake gangarowa zuwa namu, ku sa massive cikin kalmomin da kundin salon rubutunku yake tuhuma, ta yadda duk wakilin da ya kawo ta za a mayar masa da tambaya: mutum nawa, naira nawa, kadada nawa, idan aka kwatanta da me? Idan ya kawo adadi, a buga adadin a cire sifar. Idan maganar wani ce, a bar ta a bakinsa tare da sunansa da muƙaminsa. Ku shugabannin ɗakunan labarai na Hausa, ku raba auren nan na massive da gagarumi. Ku ce wa sabon mai fassara, duk inda ya ci karo da kalmar ya tsaya ya gano ko yawa ake nufi, ko faɗi, ko nauyi, ko tsanani, sannan ya zaɓo ta Hausar da ta dace, in kuwa ya duba bai ga komai a ƙarƙashinta ba, ya tsallake ta, jimlar ba za ta rame ba. Ba na neman a kori gagarumi daga harshe, kalmar kakanninmu ce kuma tana da ranarta. Ina dai ba da shawarar a mayar da ita hannun edita, kamar makullin ma'aji, kada ta fita sai da sa hannunsa.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowannenku zai iya yi a wannan mako. A ɗauko rubutun labaran kwana bakwai da suka wuce, a ba wani ɗalibi mai neman sanin makamar aiki jan biro, ya zagaye kowace massive da kowane gagarumi, ya rubuta a gefe adadin da rahoton ya bayar, in akwai. A kawo takardun taron editoci na safiyar Litinin, a shimfiɗa su a kan tebur, a karanta wa juna da ƙarfi.

Wassalam.

Naku,
Tsohon mai fassara a ɗakin labarai, Kano.